Mu Yi Lissafin Taga Kafin A Fasa Bango

Yau zancenmu a kan taga ne. Na san wata za ta ce, "Af, taga kuma? Ai wannan sha'anin maza ne, su da magina." To, 'yar'uwa, yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Namiji da gari ya waye ya saɓa fartanya, ko ya hau babur ya nufi kasuwa, ba ya komowa sai la'asar ko almuru. Ke da 'ya'yanki ku ne masu wuni a ɗakin, ku kwana a ciki, ku shaƙi abin da ke ciki. In ɗakin ya yi zafi ke ce mai kwana fifita, in sauro ya cika shi ke ce mai goya yaro zuwa asibiti. Ashe kuwa lalle mace tana da ta cewa a kan taga.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, kwanan baya na je Kuyello, a gabashin ƙasar Birnin Gwari, gaida wata gwaggota. Kowa dai ya san irin wuyar da mutanen wannan yanki suka sha shekara da shekaru a hannun 'yan bindigar da suka yi sansani a dazuzzukan da ke kewaye. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan sulhun da aka yi, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta daɗe a rufe, mutane da yawa kuma suka koma gonakinsu. Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Wanda ya sami ɗan amfanin gona kuwa, abin da yakan fara tunawa shi ne gyaran gida.

A wannan tafiya na ga tagogi iri uku. Akwai waɗanda aka toshe da tubali a kwanakin tsoro, har yau ba a buɗe ba. Akwai waɗanda marfinsu ya karye aka liƙe da buhu ko kwali. Sa'an nan akwai sababbi na alminiyom da baƙin gilashi, suna ta ƙyalli a ɗakin baƙi da ke bakin hanya, alhali kuwa ɗakunan mata da yara a cikin gida ba su da komai sai ɗan rami kamar na tantabara. Ɗakin gwaggota rufin kwano ne, tagarsa a toshe, jikoki shida ke kwana a ciki tare da ita. Na ce mata, "Gwaggo, yaya kuke yi da bazara?" Sai ta ce, "'Yar nan, tsoro ne ya toshe ta, yanzu kuwa rashin kuɗi ya hana a buɗe." Da muka zauna muka yi lissafi, sai muka ga kuɗin da ɗanta ya kashe a tagar ɗakin baƙi guda ɗaya ya isa a buɗe tata, a sa mata raga da ƙarfe da marfin katako. Ashe ba kuɗi ne babu ba, tsari ne ba a yi ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne wannan. In za a gyara tagogi, a gida ne ko a shago, a kashe kuɗin bi da bi: iska tukuna, sa'an nan raga, sa'an nan ƙarfen tsaro, ado kuwa shi ne na ƙarshe. A fara da ɗakin da yara ke kwana, ba da wanda masu wucewa ke gani ba. Kuma kada a ɗora guduma a bango sai an rubuta lissafin aikin duka a takarda.

Me ya sa iska ta zo farko?

Kakanninmu ba wawaye ba ne da suka yi 'yan tagogi ƙanana can sama kusa da rufi. Gininsu na tubali ne mai kauri, rufinsu soro ne na azara da ƙasa, ko kuwa jinka. Irin wannan ɗaki yakan riƙe sanyin dare har rana ta take, jinka kuwa da kanta tana numfashi. Mu muka sake gini, muka koma bulo da siminti da kwano, amma muka riƙe tagar kaka. Kwano da rana ta buge shi sai ɗaki ya zama tanderu, ga ƙofar ƙarfe a garƙame, ga mutum bakwai ko takwas a kwance.

Irin wannan cunkoso a ɗaki marar iska shi ne abin da sanƙarau da tarin fuka da ƙyanda ke so, domin duk ta numfashi suke bi daga wani zuwa wani. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, akasari a nan Arewa. A 2017 ma ya sake ɓarkewa, ya fi tsanani a Zamfara maƙwabciyarmu, ya ɗauki rai fiye da 1,000. Taga ba ta maye gurbin allurar rigakafi, wadda tilas ne a kai yara a yi musu. Amma dai ɗaki mai shan iska yana rage wa cuta hanya.

Ga kuma hayaƙi. Da hunturu mukan shiga da kaskon gawayi ɗaki mu rufe ko'ina, balle ɗakin mai jego. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Mutum yakan ji ciwon kai da jiri, ya yi barci, wani ba ya farkawa. Haka hayaƙin janareta yake in aka ajiye shi jikin taga ko cikin shago. Kome sanyi, in akwai wuta a ɗaki a bar kafar iska.

Magina masu ilmi suna da ƙa'ida mai sauƙi: faɗin taga ya kai kashi 1 cikin 10 na faɗin daɓen ɗakin. Ku 'yan makaranta, ga inda lissafinku zai yi amfani. Ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 12, in kin ninka, daɓensa 120 ke nan. Kashi 1 cikin 10 shi ne 12, watau taga mai ƙafa 3 da ƙafa 4. In ɗakin ƙafa 12 ne da 12, daɓensa 144, sai a nemi taga mai ƙafa 4 da 4. 'Yar tagar nan da muka saba, ƙafa 2 da 2, ita 4 ce kacal, watau sulusin abin da ɗaki na farko ke bukata. Kuma tagogi biyu matsakaita a bango biyu daban sun fi babba guda ɗaya, domin iska ba ta shiga sosai sai ta sami mafita.

A kuma duba fuskar da za a sa ta. A ƙasarmu hadari da iska mai ƙarfi daga gabas suke tasowa, ranar yamma kuwa ita ce mai dafa ɗaki. Saboda haka in da hali, bangon kudu da na arewa su suka fi dacewa da babbar taga. In tilas ta sa a yi ta gabas, a ƙara mata 'yar rumfa a sama don feshin ruwa.

Raga kafin gilashi

Sauron zazzaɓin cizon sauro da dare yake farauta, ta taga da ƙofa da ratar da ke tsakanin bango da rufi yake shiga. Wajen kashi 1 cikin 4 na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya duka a Nijeriya suke. A ƙasar Gambiya an yi wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2009, inda aka sa wa gidaje raga a ƙofa da taga, aka toshe ratar saman bango. Sauron da ke shiga ya ragu da fiye da rabi, ƙarancin jini a jikin yaran gidajen kuma ya ragu da wajen rabi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ragar gida cikin hanyoyin da take ba da shawara a ƙara a kan gidan sauro. A lura, ƙari ne, ba a ce a naɗe gidan sauro a ajiye ba.

Raga ita ce mafi araha a cikin kayan taga duka, amma ita ake mantawa. Uwargida, ki tuna abin da kika kashe bara da damina a kan allura da ƙarin ruwa da kuɗin mota zuwa asibiti, ki gwada shi da kuɗin yadi biyu na raga. Ba sai na faɗa miki wanda ya fi ba. Sai dai raga tana rage ƙarfin iska, tana kuma kama ƙura, don haka a riƙa goge ta, in ta huje a ɗinke tun ramin bai yi girma ba.

To, tsaro fa, da sutura?

Na san abin da maigida zai ce: babbar taga ƙofar ɓarawo ce, kuma ba ya son na waje ya leƙa masa iyali. Maganarsa gaskiya ce, wanda ya kwana a Kuyello a shekarun nan ba a koya masa tsoro. Amma akwai mafita. Babbar tagar a yi ta ta fuskar tsakar gida. Ta bangon waje a yi ta doguwa a kwance, can sama inda ta fi tsawon mutum, a sa mata ƙarfe. Ta haka iska za ta ratsa, ido bai shiga ba, hannu bai shiga ba. Ƙarfen kuwa a kafa shi cikin ginin, ba a jikin katako da ƙusa ba.

Abu ɗaya nake roƙo game da ƙarfen nan. A kowane gida a sami taga ɗaya aƙalla wadda ƙarfenta ke buɗuwa ta ciki, makullin kuma a rataye inda kowane babba ya sani. Hunturu lokacin gobara ne. In wuta ta tare ƙofa, ƙarfen da aka sa don ya tsare rai shi zai zama kurkuku.

Wace iri za a saya?

Kowace da amfaninta da aibinta. Ta katako ta fi sauƙin kuɗi, kafintan gari zai yi ta, shi zai gyara ta, kuma tana buɗuwa gaba ɗaya. Abokan gabanta su ne gara da ɗanyen katako. Katakon da bai bushe ba yakan karkace bayan 'yan watanni, marfi ya ƙi rufuwa. A tambayi kafinta tun yaushe aka tsaga shi, a kuma shafa masa maganin gara kafin a kafa. Kada kuma arha ta ja mu ga katakon sata. Dajin Kamuku gandun gwamnatin tarayya ne tun 1999, sare itace a cikinsa laifi ne.

Ta ƙarfe, aikin mai walda, ta fi ƙarko da tsaro, amma tana ɗaukar zafi, tana tsatsa in ba fenti, in an rufe ta kuma ɗaki ya yi duhu. Mai jerin gilasai da ake ɗagawa da ɗan hannu tana ba da iska ƙwarai, in ɗaya ya fashe shi kaɗai za a sake, sai dai ba ta tare ƙura sosai, ɓarawo kuma yana iya zare gilasan in babu ƙarfe. Ta alminiyom mai zugewa ba ta tsatsa, gara ba ta cin ta, ta fi tare ƙurar hunturu, wannan na yarda. Amma ta fi tsada, kuma rabinta kaɗai ke buɗuwa, watau in kin sayi mai ƙafa 4, iskar ƙafa 2 kika saya. In gilashinta ya fashe a ƙauye kuwa, sai an aika birni. Mai hali ya saya, ba laifi. Laifin shi ne a ci bashi a sa guda ɗaya don a gani, a bar ɗakuna uku a toshe.

Yadda za a yi lissafin

A sami littafi a ba 'yar makarantar gidan ta riƙe. Ta zaga ɗaki ɗaki ta rubuta awonsa, da yawan masu kwana a ciki, da halin da tagarsa take. Daga nan a jera su bisa bukata. Ɗakin da ya fi yawan yara shi ne na 1, sa'an nan madafa in rufaffiya ce, sa'an nan sauran.

Mutane kan tambayi kuɗin taga kawai su ɗauka shi ke nan, sai aiki ya tsaya a tsakiya, bango a fashe. Ga abin da ya kamata a rubuta wa kowace taga: kuɗin ita kanta da marfinta da sakata, ƙarfen tsaro, raga, siminti da yashi, linta, watau abin da za a gitta a sama ya ɗauki nauyin bango, ladan magini da na lebura, kuɗin mota in daga Funtuwa ko Zariya ko kasuwar Fanteka ta Kaduna za a kawo, sai fenti. In an haɗa duka, a ƙara kashi 1 cikin 10 saboda abin da ba a zata ba. Kada a yarda a bar linta don rage kuɗi, musamman a ginin ƙasa. Bangon da aka faɗaɗa wa taga babu abin tallafi a sama, ko aka fasa shi dab da kusurwa, yakan tsage da damina ta farko.

A tambayi farashi wurin mutum uku kafin a tsaya a kan ɗaya. Wanda zai yi aikin shi da kansa ya zo ya auna, domin in awo ya ɓaci laifin ya zama nasa. Na taɓa aika wa wani mai walda awo da bakin yaro, aka kawo taga ta fi ramin da ɗan yatsa uku, sai da na biya magini sau biyu. A ba da kafin alƙalami gwargwadon kuɗin kaya, cikon kuwa sai an kafa an gwada an ga tana buɗuwa tana rufuwa. A rubuta abin da aka bayar da ranar da aka yi alkawari, a gaban shaida.

Lokacin aiki shi ne bayan kaka, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ƙasa ta bushe, magina sun dawo daga gona, bazara kuma ba ta kawo jiki ba. Amma ba na ba da shawarar a kwashe masara ko waken suya a kai kasuwa da kaka don taga, domin lokacin ne hatsi ya fi arha, kuma abincin gida ya fi kome. A ware buhun da za a sayar tun farko, a tsaya a kansa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya ga yadda farashin siminti da ƙarfe da kuɗin mota suka yi tsalle, kuɗin da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa suka rage daraja. Darasin da muka koya shi ne, in kwasar adashi ta zo, gara a sayi raga ko ƙarfe ko marfi a ajiye. Siminti kaɗai ba a ajiyewa, don yana daskarewa, sai ana gobe aiki. Taga ɗaya a shekara ba abin kunya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Shago da makaranta

Da yawa daga cikinmu muna da sana'a, wata ɗinki, wata saƙa, wata ɗan shago a jikin gida, wata kuwa mijinta ke da kanti a kasuwa. Lissafin ɗaya ne, sai dai a nan taga jari ce. Mai ɗinki da hasken rana ya wadace ta ba ta sayen batir da rana tsaka, idonta kuma ya huta. Magunguna da yawa an rubuta a kwalinsu kada zafi ya wuce digiri 30, to ina amfanin kantin magani mai rufin kwano da ba shi da mafitar zafi? Ɗakin injin niƙa yana bukatar manyan kafofi saboda hayaƙi da ƙurar gari. Ɗakin ajiyar hatsi kuwa ƙananan tagogi yake so can sama, da ragar waya mai ƙarfi saboda ɓera da tsuntsu. Haka azuzuwan Islamiyya da muke tara yara hamsin ko sittin a ciki: in iyaye za su yi karo-karo, su fara da taga kafin fenti.

In shagon haya ne, kada ki kashe ko kwabo sai kun yi magana da mai shi. Za a cire a kuɗin haya ne, ko kuwa in kin tashi za ki ciri abinki? A rubuta, a sa hannu. Zumunci da yawa ya ɓaci a kan abin da bai kai wannan ba.

Tsakaninmu mata

Muhalli haƙƙi ne a kan maigida, kuɗin sana'arki kuwa naki ne. In kin ga dama kin taimaka, alheri ne, amma a faɗa a fili ko kyauta ce ko rance. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki kawo masa littafin, ki ce, "Malam, ga abin da muka auna, ga abin da zai ci, ga kuma abin da zan iya kawowa." Namiji ya fi sauraron lissafi a kan ƙorafi. In gidan mata biyu ne ko uku, a zauna gaba ɗaya a yarda da jerin, kowa ta san shekarar da za a zo kanta, don kada abin gyara ya zama abin kishi.

Mu ma muna da namu laifin. Sau nawa ake yi wa amarya jere a kafa kabad ko a jingina katifa a kan tagar ɗaya tilo da ɗakin ke da ita? Sau nawa muke rataya labule mai kauri mu bar shi wata da watanni ba a ɗaga ba? Iyayen amare, in kun je ganin ɗaki kafin jere, ku duba taga kamar yadda kuke duba daɓe. Ku rage saitin kwanoni ɗaya ku sa wa 'yarku raga. Kwanonin nan shekara za su yi ba a ci abinci a ciki ba, ragar kuwa kowane dare tana aiki.

Ku kuma 'yan mata, ga aikin gida na ba ku. A wannan mako ku ari abin awo wurin tela ko kafinta, ku auna ɗakin da kuke kwana da tagarsa, ku yi lissafin nan na kashi 1 cikin 10, ku nuna wa Inna da Baba. Wadda ta yi ta rubuto mana abin da ta samu, za mu buga a wannan fili in Allah Ya so.

Gwaggota dai an buɗe tata kafin in baro garin, da marfin katako da raga da sanduna huɗu na ƙarfe. Na ɗakin matar ɗanta an sa shi a lissafin kaka mai zuwa. Allah Ya ba mazajenmu abin yi mana, Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mun sake saduwa.